Yaranmu sun haddace katikizim, amma sun fahimta kuwa?

Maman Tagwaye:
Ɗaukaka ga Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ga gara in kawo ta nan. Babbar 'yata shekararta tara, tana ajin masu shirin karɓar Tarayya Mai Tsarki karo na farko, wato gurasar da aka tsarkake wadda muka gaskata Jikin Yesu ce. Muna dawowa daga Mas, wato sujadarmu ta Katolika, na ce ta faɗa mini abin da aka koya musu a ajin katikizim, inda ake koya wa yara bangaskiya. Ta zuba mini ma'anar sakramenti, wato ibadu masu tsarki irin su baftisma da Tarayya, da Turanci tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Na ji daɗi. Sai na ce mata da Hausa, to me ke nan? Ta yi shiru. Na ce, ranar da za ki je gaban bagade, me za ki karɓa? Ta ce farin abin nan da Fada, wato limamin coci, yake ba manya. Har muka iso gida ban iya cewa komai ba.

Saura wata biyu a sa mata farar riga. Ba malaminsu nake zargi ba, yaro ne mai ƙoƙari, kuma ba a biyansa ko sisi. Tambayata ita ce: a gida Hausa muke yi, a kasuwa Hausa, a Zumuntar Mata Hausa, to don me ake koya wa yaranmu sanin Allah da harshen da sai a makaranta suke jin sa?

Ɗan Kwaya:
Girma ga Maryamu. Mama, abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki duba cocinmu na birni. A aji ɗaya akwai ɗan Ibo, ɗan Idoma, ɗan Tibi, ɗan Bajju, ɗan Hausa. Wasu iyayensu ba su daɗe da zuwa Arewa ba. Idan malami ya juya Hausa, rabin ajin ya ɓata. Turanci ne kaɗai ya haɗa su.

Maman Tagwaye:
Ɗana, waɗannan yaran da ka lissafa, in aka tashi daga aji suna wasan guje-guje a harabar coci, da wane harshe suke faɗa da juna? Ka saurara ranar Asabar ka ji.

Baba Katikis:
Salama gare ku duka. 'Yata Maman Tagwaye, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi aikin katikis, wato mai koyar da bangaskiya a coci, fiye da shekara talatin a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa kafin ƙafa ta gaza. A can Malumfashi aka horar da mu, a makarantar katikis mai sunan Yusufu Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Yuganda. Ba mu taɓa koyar da kowa da Turanci ba, don ba wanda zai ji. Mutanenmu Hausawa ne da suka fito daga gargajiya, manoma, yawancinsu ba su taɓa riƙe alli ba. Fada yakan zo sau ɗaya a wata, in damina ta yi ƙarfi rafi ya cika sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Sauran kwanakin duk katikis ne: shi ne mai jan sujadar Lahadi, shi ne mai zuwa gaida mara lafiya, shi ne mai binne gawa, shi ne mai sulhunta miji da mata.

Yadda muke yi shi ne, da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, a zauna a gindin bishiya bayan cin tuwon dare. In yi tambaya su amsa gaba ɗaya. Wa ya halicce ka? Allah ne ya halicce ni. Don me ya halicce ka? Su amsa. Amma ba na wucewa sai na ce wa mutum, to faɗa mini da bakinka, kamar kana gaya wa maƙwabcinka a gona. Wata tsohuwa na taɓa tambaya mece ce alheri na Allah, ta ce, Malam, kamar ruwan sama ne, ba ni na saya ba, amma in ban yi huɗa ba zai wuce gonata. Har yau ban ji wanda ya fi ta bayani ba. Ta rasu ba ta iya rubuta sunanta ba.

Don haka ni ban ga laifin hadda ba. Laifin shi ne a tsaya a kanta.

Malamar Firamare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni kuwa da izininka ina ganin haddar ce ma tushen matsalar. Shekara goma sha biyu ina koyarwa, na san yadda yaro yake hadiye abu don jarrabawa ya amayar da shi washegari. Mun mai da katikizim jarrabawa. Ranar gwaji yara na layi suna rawar jiki, wanda ya kawo amsa daidai ya ci, wanda ya yi in'ina a ce ya dawo baɗi. Yaron da ya fi kowa natsuwa a coci yana iya faɗuwa don harshensa ba shi da sauri. Me muka auna ke nan, bangaskiya ko ƙwaƙwalwa?

Baba Katikis:
'Yata, ki bar ni in ƙara ɗaya. Shekarun nan da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, mutane sun gudu ba littafi ba komai, wasu an tsare su a daji makonni. Waɗanda suka dawo, ki tambaye su me suka riƙe. Ubanmu wanda ke cikin sama. A gaishe ki Maryamu. Na gaskata da Allah. Da yatsu suke ƙirga rosari, addu'ar da muke ja da carbi. Abin da ke cikin kai ba mai ƙwace shi. Ranar da tsoro ya hana mutum tunani, abin da ya haddace tun yana yaro shi ke fitowa.

Malamar Firamare:
Wannan kam ban da ta cewa, Baba. Addu'o'i a haddace su. Amma dogayen ma'anoni da Turancin da ni kaina sai na duba ƙamus, su nake nufi.

Yaron Kafanchan:
Ina so in sa baki kan maganar harshe, don kada a ɗauka kowa a nan Hausa ce harshen uwarsa. Mu a gida Jju muke yi, maƙwabtanmu Tyap. Hausa harshen coci ce da kasuwa a wurinmu. Kakata da Hausa ta koyi addu'a, amma in abu ya dame ta da gaske, da yarenmu take kuka ga Allah. To in za a ce a koyar da harshen da yaro ya fi ji, a wasu wuraren ba Hausa ba ce, ba kuma Turanci ba. Kada mu cire wani nauyi mu ɗora wani.

Maman Tagwaye:
Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ba Hausa nake yi wa yaƙi ba. Duk harshen da uwa take yi wa yaro faɗa da shi, take rarrashinsa da shi, da shi ya kamata ya fara jin cewa Allah yana ƙaunarsa.

Uwar Zumunta:
Ku yi haƙuri, zan faɗi wadda ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, har da ni. Awa nawa yaro yake yi a ajin katikizim? Awa ɗaya ko biyu ranar Asabar, wani lokaci da ɗan ƙari bayan Mas. Sauran mako fa yana hannun wa? Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi. Yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, ƙarfe huɗu ya ɗauki jaka sai Islamiyya, kusan kullum. Ba wanda yake roƙon uwar ta tura shi, ita ke kora shi. Mu kuwa sai an kusa zuwan Bishop ake ganin iyaye suna rububin rubuta suna. Wata ma takan zo ta ce a taimaka a sa ɗanta a layi don ta riga ta ɗinka anko ta gayyaci dangi.

A gidan mahaifina ba a kwanciya sai an yi rosari. Mai gyangyaɗi a tashe shi ya durƙusa. Yanzu a gidaje nawa ake yi? Kowa da wayarsa a hannu har barci ya ɗauke shi. Ranar baftisma mu iyaye muka tsaya gaban Fada muka amsa cewa za mu rene su cikin bangaskiya. Ba katikis ne ya amsa ba.

Maman Tagwaye:
Mama, maganarki ta same ni. Muna addu'ar safe da ta dare, amma ban taɓa zama na tambaye ta abin da ta gane ba sai ranar nan. Na ɗauka tunda tana zuwa aji, shi ke nan.

Ɗan Kwaya:
Akwai kuma iyayen baftisma, waɗanda ke tsaya wa yaro ranar da ake yi masa baftisma. A da uban baftisma uba ne na gaske. Yanzu ana zaɓen mai kuɗi ko wanda ke Abuja, yaro bai sake ganinsa ba sai a hoto.

Fada Daga Ƙauye:
Salamar Almasihu ta kasance tare da ku. Na karanta duka, kuma na gode wa Maman Tagwaye da ta yi ƙarfin halin faɗa. Bari in kawo abin da Ikilisiya ta tanada, don wani lokaci muna gardama a kan abin da an riga an yanke.

Game da shekaru: tun 1910 Fafaroma Piyus na 10 ya ce yaro ya fara karɓar Tarayya da zarar ya kai shekarun hankali, wajen shekara bakwai. Dokar Ikilisiya ba ta ce sai ya iya dogon bayani ba. Abin da take nema shi ne ya gane asirin Almasihu gwargwadon hankalinsa, ya karɓi Jikin Ubangiji da bangaskiya da ladabi. To yarinyar da ta iya ma'anar sakramenti amma ba ta san wanda za ta karɓa ba, an ba ta ganye an bar 'ya'yan. Mama, wata biyu sun isa a gyara, kada hankalinki ya tashi.

Game da hadda, Baba da Malama duk kuna da gaskiya. Fafaroma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa kan koyar da bangaskiya ta 1979, ya kare hadda, ya ce a riƙe kalmomin Yesu, da Dokoki Goma, da shaidar bangaskiya, da muhimman addu'o'i a ka. Amma a wuri guda ya ce dole abin da aka haddace ya shiga zuciya a fahimce shi a hankali. Babban littafin Katikizim na 1992 ma, mai kashi huɗu, wato abin da muka gaskata, da sakramentai, da zaman Kirista, da addu'a, ba don yara su haddace aka rubuta shi ba. Don bishop-bishop da masu koyarwa ne, su ɗebo daga ciki su dafa wa mutanensu daidai bakinsu.

Harshe kuwa, ku tuna Filibus da mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Mutumin yana karanta Ishaya da ƙarfi, Filibus bai yaba masa iya karatu ba, tambayarsa ya yi ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Bulus kuma ya ce wa Korintiyawa gara ya faɗi kalma biyar da za a gane da ya faɗi dubu goma da ba za a gane ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na duniya daga 1962 zuwa 1965, ita ta buɗe ƙofa muke yin Mas da Hausa a yau. Ba daidai ba ne a ce bagade yana magana da harshen mutane, ajin yara kuma ya koma harshen da ba sa ji.

Laifinmu mu limamai shi ne mukan bar ajin gaba ɗaya a hannun matasa masu sa kai, ba horo, ba littafi, mu leƙo ranar gwaji kawai. Ni ma na yi haka a shekarun farko na aikina.

Malamar Firamare:
Fada, mun gode. To gwajin fa? Ba za a iya sauya shi ba?

Fada Daga Ƙauye:
Ana iyawa, ba doka ce daga sama ba. Ni yanzu nakan zauna da yara uku-uku, uwa ko uba na gefe. In ce su yi alamar gicciye, su yi Ubanmu, sa'an nan mu yi hira. Yana cin lokaci, kwana uku maimakon yini ɗaya. Amma a nan nake gane gidan da ake addu'a da wanda ba a yi.

Baƙo Daga Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan 'yan kaɗan ne ƙwarai. Dayosis ɗinmu na Maraɗi, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001, ya haɗa har Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, ku dubi faɗin ƙasar. Matsalarku ta Turanci ita ce tamu ta Faransanci. Amma abin da ya ba ni mamaki a maganarku shi ne gaggawa. A wurinmu babba mai neman baftisma yakan yi shekaru yana koyo, mataki-mataki, jama'a na ganin zamansa, kafin a yi masa a daren Ista. Wanda ya bi wannan hanya da wuya ka ga ya juya baya. Ina jin a wasu wurare a Najeriya wata shida ma an gama?

Ɗan Kwaya:
Ya danganta da wuri. Amma in aure ya matso, wasu kan so a gama musu a 'yan makonni.

Ɗalibar Jami'a:
Ina karantawa tun ɗazu, bari in faɗi namu ɓangaren, mu da aka gama da mu. An yi mini Ƙarfafawa, sakramentin da Bishop kan yi wa wanda aka riga aka yi wa baftisma don tabbatar da shi cikin bangaskiya, ina shekara goma sha uku. Daga ranar ba wanda ya sake koya mini komai, kamar an ba ni takardar sallama. Da na shiga jami'a a Zariya, abokiyar ɗakina 'yar wata ikilisiya ta ce mini mu Katolika muna bauta wa Maryamu da gumaka, ta buɗe Fitowa sura 20 ta nuna mini. Wata ƙawata Musulma, cikin mutunci, ta tambaye ni yadda Allah zai zama ɗaya kuma uku. Ba wadda ta zage ni, tambaya suka yi. Ni kuwa ilimin da nake da shi na 'yar shekara goma sha uku ne. Na ji kunya, na yi kusan shekara ba na zuwa Mas sosai.

Abin da ya dawo da ni wani ɗan rukuni ne na ɗalibai, mukan zauna da yamma ranar Laraba mu karanta Littafi Mai Tsarki mu yi tambaya ba mai hararar wani. A nan na fara sanin cewa rabin farko na A gaishe ki Maryamu daga Luka sura 1 yake, gaisuwar mala'ika da ta Alisabatu. Shekara nawa ina faɗar ta ban sani ba. Da an nuna mini tun ina ƙarama, da na amsa wa abokiyar ɗakina cikin natsuwa. Cikin waɗanda aka yi mana Ƙarfafawa rana ɗaya, da yawa yanzu suna wasu coci-coci, wasu ba sa zuwa ko'ina.

Uwar Zumunta:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika dawo. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro. Muna ta fama da 'yan shekara tara, 'yan sha biyar suna fita ta ƙofar baya.

Baba Katikis:
Jikata, kin sa ni hawaye. A 1982 na je Kaduna lokacin da Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya zo, ya keɓe lokaci ya yi magana da katikis da mata da sauran jama'a. Mun dawo ƙauye kamar an zuba mana sabon jini. A 2021 kuma na ji Fafaroma Faransis ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya a Ikilisiya, na gode wa Allah da na rayu na ji. A 2023 aka ba Katsina dayosis nata, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, Bahaushe. Iri ne da aka shuka a gindin bishiya ya kai haka.

Amma ku gaya wa kanku gaskiya: wane saurayi ne yau zai yarda ya zama katikis? A zamaninmu jama'a kan yi mana gayya a gona, da kaka kowane gida ya kawo dami. Da shi na ciyar da 'ya'yana. Yanzu gonar ma ba a zuwa saboda tsoro, abin da ake ba katikis a wata kuwa ba ya kai shi mako. Kuna son mai koyarwa wanda ya san Littafi, ya iya Hausa, ya iya Turanci, ya iya amsa wa 'yan jami'a. Irin wannan sai an tura shi horo, an kuma riƙe iyalinsa. Ana tara kuɗin fenti da na kujeru da na bikin girbi, ban taɓa jin an yi baiko na musamman don littattafan yara ba.

Yaron Kafanchan:
Baba ya faɗi gaskiya. A ajin ƙanena littafi ɗaya ne a hannun malami, bangonsa ma ya cire. Yara arba'in suna bin bakinsa.

Ɗan Kwaya:
To ni na sauko daga inda na tsaya da farko, amma ba duka ba. A birni a raba aji biyu, na Hausa da na Turanci, iyaye su zaɓa. Kuma a sa waƙa. Yaran da ke zuwa kwaya sun fi riƙe abu, don abin da aka rera da ganga ba ya fita. Ni Dokoki Goma da waƙa na riƙe su.

Malamar Firamare:
Raba aji na nufin malamai biyu. Ni zan ɗauki na Hausa ranar Asabar a cocinmu in Fada ya yarda, amma ina bukatar wanda zai duba ni, don ban yi horon katikis ba. Baba, in na turo maka tambayoyi ta waya za ka riƙa gyara mini?

Baba Katikis:
Turo, 'yata. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, jikana ke karanta mini, amma ki yi magana ki turo da murya, zan amsa da murya.

Maman Tagwaye:
Na dawo in ba ku labari. Jiya da dare bayan tuwo na kashe talabijin, na zaunar da ita da tagwayen. Na karanta musu Luka sura 22 da Hausa, inda Yesu ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura ya ba almajiransa ya ce wannan jikinsa ne. Ta ce, Mama, ai abin da Fada yake faɗa ke nan in ya ɗaga hannu. Na ce shi ne. Ta yi shiru, can ta ce, to in na karɓa, Yesu zai san ni ce? Na ce ya san ki tun kafin in san ki. Ta sake tambayar abin da zai faru in ta yi faɗa da ƙannenta da safe kafin Mas, muka shiga maganar furta zunubi har tagwayen suka yi barci a jikina.

Akwai wadda ta yi mini da ban iya amsawa ba: me ya sa ba a cin abinci kafin a karɓa, kuma ruwa ma an hana? Fada, a taimake ni.

Fada Daga Ƙauye:
Awa ɗaya ne kafin karɓa, Mama, ba kafin a fara Mas ba. Ruwa da magani ba su cikin hanin, tsofaffi da marasa lafiya kuma an ɗauke musu. Ki ce mata kamar yadda ake share ɗaki a shimfiɗa tabarma in babban baƙo zai zo, haka muke shirya jikinmu.

Uwar Zumunta:
Zan kai maganar littattafan taron Zumunta na ranar Alhamis. Wanda ya san inda ake samun ƙaramin katikizim na Hausa da yawa, a Kaduna ko Jos ko Kano, ya sanar da ni kafin ranar, da kuɗin kowane ɗaya, don in san abin da zan ce wa mata su kawo.